Inda Inna Take Kai Awaki

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau dai an kafa turaku. Alhamdu lillahi. Da ƙafata na je don kada a ba ni labari. Safiyo, mai awon fili, ya ja igiya daga bakin hanyar Madadi har gindin tsohon marken nan, ya shafa wa kowane turke jan fenti. Gida sittin za a yi. Ɗaki biyu, kicin, banɗaki, da ɗan tsakar gida. Ni ko ɗaki ɗaya ne, in dai nawa ne, wallahi na gode.

Alhaji Abdulmumini, shugaban ƙungiyarmu ta masu zaman haya, ya sake nanata mana yadda abin yake, kamar yau muka fara ji. Ƙaramar hukuma ta ba da fili, tsohuwar makiyaya ce. Mu mun zuba ɗan abin da muke tarawa, banki ya yarda da lamuni, amma ƙashin bayan aikin wata gidauniya ce daga Kano. Su kuwa ba sa son rigima ko kaɗan. Fili ya zama ba haƙƙin kowa, ba burtali, ba kabari. Ya ce a wani gari magana ta taso a tsakiyar aiki, suka tattara nasu ya nasu suka tafi, bulo na can jibge har ciyawa ta fito a kai. Kuma so suke fandishon gidajen ya fito kafin ruwa ya sauka.

Na hango Inna, mahaifiyata, a gindin marken da awakinta. Na ɗaga mata hannu, ba ta gan ni ba.

Bangon ɗakinmu na baya ya ƙara buɗe baki. Tun bara mijina Malam ya tokare shi da azara. Mai gidan ya ce ba gyara, shaguna zai yi a wajen, mu tashi bayan babbar salla.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da magariba

Dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa don a tabbatar filin ba kowa a cikinsa. Aka ce a zo da Inna, tunda a cikin waɗanda suka zauna ruga a wajen kafin su shigo gari ita kaɗai ta rage a nan kusa. Na sa ta yafa sabon mayafinta. Maza cike da tabarma, har da Malam, surukinta, a gaba-gaba.

Dagaci ya ce, "Inna Altine, ke kika san wajen nan tun yana daji. Akwai haƙƙin wani? Akwai wanda aka binne?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Shiru. Ya maimaita, shiru. Mutumin gidauniyar ya fara duba agogo. Ni kuwa da shegen saurin bakina sai na ce, "Ranka ya daɗe, kunya take ji, ba ta saba magana a gaban maza ba. Ba komai a wajen."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. A hanya na ce, "Haba Inna, kin so ki ba ni kunya." Ta ce in rage sauri, ƙafarta na ciwo.

Asabar, da hantsi

An ɗauki Yayansu aikin lebura a filin. Ya dawo yana ta washe baki, wai da hannunsa zai haƙa ɗakin da zan kwana. Ƙato da shi, ya gama makaranta yana zaune, ai gara ya riƙe shebur.

Fiddausi ta leƙo tana karanta abin da nake rubutawa, ta ce, "Umma, ko a takarda ma ba za ki rubuta sunan Yaya ba?" Na ce tashi ki ba ni waje, marar kunya. Ɗan fari ne, ta yaya? Haka muka taso muka gani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Inna ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Abin dariya, ni ce babba a wajen Inna, amma ni gatsal take kirana. Sa'adiya kaza, Sa'adiya kaza, har maƙwabta su ji. Muna yara ana tsokanarta wai ta waye da yawa.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

Zafi kamar a cire fata a ajiye. Inna ta fita da awaki tun hantsi, sai yanzu ta shigo, leɓenta ya bushe. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Inna, don Allah me awakin nan za su ci a can? Jan fenti? Ga harawa na saya, ga dusa. Tsohuwa da ke, a wannan ranar, a tsakiyar ƙattin leburori?"

Ta ce, "Sun saba da wajen."

"Su awakin?"

Ta ɗauki buta ta zaga. Tun ina ƙarama Inna can take kai dabbobi. Da shanu ne, da suka ƙare ta koma tumaki, yanzu awaki. Ban taɓa tambayar dalili ba, kuma ban san me ya sa yau abin ya tsaya min a rai ba.

Juma'a, da la'asar

Katafila ta tumɓuke marken. Yayansu ya ce Inna na tsaye daga nesa har aka gama. Ta dawo da guntun reshe a hannu.

Fiddausi ta ɗauka za ta tura a murhu, Inna ta make mata hannu. Inna! Matar da ko kaza ba ta kora da ƙarfi. Yarinyar ta tsaya baki buɗe, ni ma haka. Reshen yana ƙarƙashin gadonta yanzu.

Litinin

Hadari ya haɗo a gabas, ya watse. Inna ba ta taɓa tuwonta ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Ta sake fita. Ba inuwa a wajen yanzu, ba ganye, sai jar ƙasa da igiyoyi. Yayansu ya ce akwai wani ɗan suri kusa da ramin marken, nan take zama, awakin su kwanta kewaye da ita suna haki. Mai kula da leburori ya ce masa, "Ka yi wa kakarka magana, kada mota ta taka ta."

Na yi mata magana. Ta ce to. Na san irin wannan to ɗin.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan magariba

Na je suna Dugabau, gidan Goggo Gwamma, ƙanwar marigayi Babanmu. Da ban je ba.

Bayan an watse muna zaune tana dama min fura, ina ta ba ta labarin gidaje, ina zuba kamar kanya. Na ce har dagaci ya kira Inna ta ƙi magana, ni na amsa mata. Goggo ta tsayar da ludayi.

"Wane fili?"

Na kwatanta mata.

"Inda marken nan yake?"

Na ce ai an ma cire shi.

Ta yi salati, ta sake yi. Ta ce, "Sa'adiya, a gaban maza kuka tambaye ta? Da surukinta zaune? Ke da iliminki?" Na ce Goggo me ya faru. Ta dube ni ta ce, "Ke kin ɗauka ke ce ta fari?"

Ashe akwai wani kafin ni. Namiji. Ko yaye shi ba a yi ba ƙyanda ta shigo rugar, a shekarar da suka tashi daga wajen. Goggo ta ce ita ta riƙe shi har ya cika, don Inna ba ta isa ta ɗauke shi a gaban surukai ba, tana bakin bukka tana tsefe igiya. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da an yi da ita har ta tsufa. Maza suka kai shi gindin marke, suka rufe da fasassun tukwane, suka mayar da ƙasa. Ba alama. Daga ranar ba wanda ya sake ambatonsa a gabanta, ita ma ba ta taɓa ba.

Na ce me sunansa.

Ta faɗa. Sunan da ke gidana ne. Baba ne ya raɗa wa Yayansu suna, ni duk zatona sunan wani kawunsa ne.

Ban san yadda na hau mota na dawo ba. Furar na can na bari.

Lahadi, da asuba

Malam ya tambaye ni ko jikina ne. Na ce gajiyar hanya.

Ba zan iya gaya masa ba. Na san mijina. Mutumin da ko takalmi ba ya shiga da shi maƙabarta, wanda yake koya wa ɗalibai cewa haƙƙin mamaci kamar na mai rai ne. In ya ji, ko karin kumallo ba zai tsaya yi ba, sai ƙofar dagaci. Dagaci ya kira Alhaji, Alhaji ya kira Kano. Daga nan kuma na san sauran.

Ba mu kaɗai ba ne. Murja 'yar ƙungiyarmu da marayunta a shago suke kwana, ranar da aka kafa turaku rungume ni ta yi tana kuka. Da wane ido zan kalle ta?

To shi da ke kwance a can fa? Da wane ido?

Talata, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Na samu Inna ita kaɗai tana tankaɗe. Na zauna kusa da ita kamar wadda ta yi sata.

Na ce, "Inna, na je Dugabau."

"Suna lafiya?"

"Lafiya lau. Goggo ta ba ni wani labari."

"Gwamma bakinta ba ya rufuwa."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Na ce, "Inna, ki yafe min abin da na faɗa a gaban dagaci. Ban sani ba. In kika ce a tsaya, wallahi yanzu zan yafa mayafi in je in faɗa. Ke dai ki ce."

Ba ta ɗago ba. Gari na zuba, na zuba. Can ta ce, "Bangon ɗakinku zai kai ƙarshen damina?"

Na ce ba zai kai ba.

"Mai gidan ya sake magana?"

Na ce yana nan kan bakansa.

Ta ce, "To." Ta karkaɗe tsakin a ƙwarya, ta ce in miƙo mata faifai.

Na so ta zage ni. Na so ta ce min je ki, ko ta ce kada ki je. Ba ta ce ko ɗaya ba, ta bar min kayan a kaina. Ina jin haushinta, Allah Ya yafe min, ina jin haushin tsohuwar nan har cikin raina, kuma ga tausayinta ya cika ni.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Na je wajen Alhaji Abdulmumini da dabara. Bayan mun gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi yara, ya tambayi ƙarfin jikin Inna, na ce, "Alhaji, wajen da marken nan yake, da an bar shi fili mana. Yara su samu wajen wasa."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Malama Sa'adiya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Turke ɗaya muka matsar, sai an koma da zanen Kano an sake sa hannu. Kafin ya dawo ruwa ya sauka, su kuma sun kai kuɗinsu wani gari. Ai layi ake bi, garuruwan da ke jira sun fi mu yawa." Sai ya daina dariyar, ya dube ni sosai. "Ko akwai wata magana ne?"

Na ce babu.

Karo na biyu ke nan da na ce babu. Na farko ban sani ba.

Asabar

Sun gama haƙa layin bakin hanya. Ban ce komai ba.

Lahadi, bayan azahar

Iska ta taso da ƙarfi, ta yaye kwano ɗaya a rufin kicin, ba ruwa. Ƙasa na zubowa daga tsagar bango kan akwatin Malam. Na share.

Inna ta fita da awaki. Ban hana ta ba. Na cika mata gora da ruwan randa, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Litinin, 5 ga Mayu, da magariba

Sun shiga layi na tsakiya. Malam ya ce na rame.

Talata, bayan magariba

Muna cin abinci Yayansu ya ce, "Gobe za mu shiga layin marke. Ni aka ba kusurwar surin, wai na fi su ƙarfi."

Na ajiye lomar. Na ce gobe ba za ka je ba, ka huta, dubi yadda ka yi baƙi. Ya ce, "Umma, in ban je ba wani za a ba, kuma a sallame ni." Na ɗaga murya na ce na ce ba za ka ba. Malam ya ɗago yana kallona, don bai taɓa jin na damu da gajiyar yaron nan a fili ba.

Sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofarta. "Bar shi ya je."

Na juya. Ta ce, "Gara shi da wani." Sannan ta ce masa, "Maigida, in ka zo wajen surin ka ajiye diga. Ka bi da shebur a hankali. Ƙasar wajen ba ta son duka."

Ya ce, "Tsohuwa ta zama injiniya!" Fiddausi ta yi dariya, Malam ma ya murmusa. Ni na tashi na kwashe kwanuka, ban gama ci ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da asuba

Har yanzu da sauran lokaci. Malam yana masallaci. In ya dawo zan iya tare shi a zaure.

Laraba, da hantsi

Ya dawo, ya karya, ya tafi makaranta. Na miƙa masa hularsa.

Inna ba ta fita ba yau. Awakin na ta kuka a turke.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, don in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Kafin azahar ya shigo. Ba riga a jikinsa, sai singileti. Bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya wuce gindin randa ya tsuguna yana wanke hannu. Ya wanke, ya sake ɗebo ruwa ya wanke, har ƙasan wajen ta yi taɓo. Na ce ina rigarka.

Can ya ce, "Umma, na samu wani abu."

Ya ce shi kaɗai ne a kusurwar, sauran suna can ana sauke siminti. Ya ajiye diga yadda Inna ta ce. Shebur ya taɓa abu, ya sa hannu ya share, sai ga fasassun tukwane a jere, an kifa su da kyau ɗaya bayan ɗaya. Tsawon duka bai kai hannunsa ba. Ya ɗaga ɗaya.

Ya sake zuba ruwa a hannunsa. Na jira.

Ya ce, "Ɗan ƙarami ne, Umma. Na rasa yadda zan yi. In na kira su, aikin ya tsaya, kowa ya san sharaɗin. In na bari, gobe a zuba masa kankare a ka. Sai na cire rigata na naɗe abin da na samu, na haƙa can ƙasa inda kankare ba zai kai ba, na kwantar, na mayar da tukwanen yadda suke." Ya ɗago, idonsa jawur. "Na yi laifi? In gaya wa Baba?"

Ɗana yana tambayata. Ko hannu ban iya ɗora masa a kafaɗa ba.

Labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta fito ba mayafi, ta dafa bango.

Ta ce, "Ka fuskantar da shi alƙibla?"

Ya ce, "Na fuskantar, Inna."

"Rigar mai tsabta ce?"

"Jiya Fiddausi ta wanke."

Ta gyaɗa kai. Ya tsaya yana kallonta, yana kallona, na ga lokacin da abin ya fara shigarsa. Inna ba shi take kallo ba. Ta saman katanga take kallo, wajen hanyar Madadi. Ta buɗe baki ta rufe, kamar mai gwada haƙorin da ke ciwo. Sannan ta ce, a hankali, amma duk mun ji:

"Allah Ya yi maka albarka, Bashari."

Ga shi na rubuta. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya ce amin. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Alhamis, da la'asar

An zuba kankare a layin marke. Mutanen gidauniya sun zo sun ɗauki hoto, Alhaji ya ce sun yaba ƙwarai. Murja ta aiko min da ƙosai.

Bai je aiki ba. Bai gaya wa babansa ba. Ni ma.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Ruwan fari ya sauka jiya. Bangon bai faɗi ba tukuna.

Ina shara na ji sallamar namiji a zaure. Dillalin dabbobi ne, wai Inna ce ta aika a kira shi. Ta kwance awakin da kanta, har da jar akuyar da take ba wa ɓawon wake a hannu, ta miƙa masa igiyoyin. Ko ciniki ba ta tsaya yi ba.

Na ce, "Inna, duka? Haba, ki bar ko ɗaya mana."

Ta tsuguna ta tumɓuke turken, ta jingine shi a bango, ta karkaɗe hannunta.

Ta ce, "In kai su ina?"